Tambarin da ke Ƙirjin Salim

Duk wanda ya san Muhsina a ƙauyensu, can gefen babban kanal tsakanin Kura da Bunkure, ya san shinkafar da ta turara ba ta karyewa a inji. Ya kuma san ba a taɓa ƙaninta Salim a gabanta.

Ita ta raine shi. Uwarsu ta rasu yana rarrafe, ita kuwa tana budurwa, don haka a bayanta ya girma. Da aka ɗaura mata aure da Ibrahimu mai injin casar shinkafa, da yaron ta tare. Mahaifinsu, Malam Abdulrauf, bai hana ba. Shi gonarsa ce a gabansa, shinkafa da damina, tumatir da albasa da rani.

Salim ya tashi da ƙwallo a ƙafa. A aike shi kai abinci gona, sai a tsince shi a filin bayan makaranta, kwano a ajiye a gindin darbejiya, tuwo ya sandare. Muhsina ta yi duka har hannunta ya gaji. Wata rana ta same shi a bayan ɗaki yana ɗinke fasasshiyar ƙwallo da zaren buhu, basilla ta huda masa yatsa, jini yana zuba, shi kuwa ko a jikinsa. Ta tsaya tana kallonsa bai sani ba. Ranar kasuwa ta shiga Kura ta sayo masa takalmin ƙwallo na gwanjo, wanda ya yi masa yawa har sai ya cusa tsumma.

Daga ƙungiyar unguwa ya koma ta Kura, daga nan aka je wata gasa a Kano, wani mai neman 'yan wasa ya gan shi. Baya yake tsarewa. Ba shi da tsawo, amma idan ya manne wa mutum ba ya sakinsa. Aka kai shi gwaji Turai. Ƙungiyar farko ta ce ya yi gajarta, ta biyu ko amsa ba ta ba da ba. A ƙarshe wata ƙaramar ƙungiya ta rukuni na biyu, a wani gari a gabashin Hangari, ta riƙe shi.

A ƙauyen babu wanda ya san inda Hangari take. A gidan kallon Mudassiru ƙwallon Ingila da ta Sifen ake nunawa, wanda ba ya buga can kamar ba ya buga komai ne. 'Yan boko suka ce sunan ƙasar da Turanci ya yi kama da yunwa, shi ke nan aka sa masa Salim na ƙasar yunwa. Muhsina ta ji, ta ƙyale su.

Hunturunsa na farko ya kira ta yana kuka, ya ce yatsun ƙafarsa sun mutu, ya ce babu mai jin maganarsa, shi gida zai dawo.

Ta ce, "To dawo. Baba na neman mai korar tsuntsaye a shinkafa."

Ya yi dariya cikin kukan. Bai sake maganar ba.

Yana fara samun wuri a ƙungiyar aka karya shi a idon sawu. Ya kusa shekara bai taka fili ba. A wannan zaman ne tsohuwar da yake haya a gidanta ta koya masa yarensu, har ya iya faɗa da shi. Da ya warke ya dawo ya fi da. Ƙungiyar ta hau rukuni na ɗaya, aka ɗaura masa ƙyallen kyaftin, shi kaɗai baƙi a cikinsu. Shekaru suka yi ta tafiya, Najeriya ba ta taɓa nemansa ba. Abin da ke damun Muhsina a lokacin shi ne ya ƙi yin aure.

Da shekarunsa na zama suka cika, aka ce masa zai iya zama ɗan ƙasa. Bai karɓa ba sai da ya nemi izinin mahaifinsa. Lokacin ciwo ya riga ya kwantar da Malam Abdulrauf, Muhsina ce ta riƙe masa wayar a kunne.

Tsohon ya ce, "Salla fa?"

"Ina yi, Baba."

"Azumi?"

"Ina yi. Nasu ma ya fi namu tsawo idan ya faɗo a bazara."

"To ai takarda ce. Karɓi abarka, Allah ya sa albarka."

Malam Abdulrauf ya rasu da tsakiyar damina, shinkafa tana ciki. Kafin Salim ya fito daga atisaye ya ga kiran da aka yi ta yi masa, an riga an kai tsohon makwanci. Ya ce zai taho, Muhsina ta hana. Kakar wasa ta fara, ta ce ya zauna, addu'a daga ko'ina isa take yi. Ba ta san wannan shawarar tata za ta zama sanda a hannun wasu ba.

Ana fara yankan shinkafa labari ya zo an gayyaci Salim cikin ƙungiyar ƙasar Hangari. Muhsina ta raba wa yara alewa. Murnar ba ta daɗe ba.

Tana baza turararriyar shinkafa a kan simintin shanya da ke tsakar gidanta, maƙwabciyarta Ummi ta shigo da sauri, waya a hannu.

"Yaya Muhsina, kin ga abin da ake turawa kuwa?"

Hoton Salim ne cikin jar jesi, ya harɗe hannu yana murmushi. Wani ya zagaye tambarin da ke ƙirjinsa da jan layi, ya ƙara masa girma. A cikin tambarin akwai kuros mai hannu biyu, a samansa hular sarauta da wani ƙaramin kuros a karkace. Ƙarƙashin hoton akwai saƙon murya. Wani namiji ne da ba ta gane ba, yana cewa ga ɗan Malam Abdulrauf nan ya sayar da addininsa, shi ya sa ko gaisuwar ubansa bai zo ba.

Muhsina ta saurara har ƙarshe, ta miƙa wa Ummi wayarta, ta ɗauki manjagara ta ci gaba da baza shinkafa.

Ummi ta ce, "Ba za ki ce komai ba?"

"Ya yi ƙiba," in ji Muhsina.

Ummi na fita ta ajiye manjagarar. Da azahar ta kira Salim. Ya riga ya gani, abokansa na yarinta sun turo masa, wasu da zagi.

Ya ce, "Yaya, tambarin ƙasar ne. Yana jikin fasfo, yana jikin ofisoshi, kowa da shi yake bugawa. Amma idan zai jawo miki magana, gobe zan ce musu ƙafata ta motsa. Ba dole ba ne."

"Ƙafar ta motsa?"

"A'a."

"To ka fara ƙarya da girmanka? Shekara nawa kana cin sanyi don wannan ranar? Wallahi idan ka janye ba da yawuna ba. Ka buga ƙwallonka. Nan ka bar min."

Ba a yi mako ba Baffa Isiyaku, ƙanin mahaifinsu, ya aiko yana son a zauna maganar gado. Gonarsa tana jikin ta marigayin, ta saman ruwa, kuma ya daɗe yana cewa ɗan'uwansa ba ya morar wurin yadda ya kamata. Ibrahimu ne ya warware wa matarsa inda maganar ta dosa. Idan Salim yana nan a Musulminsa, gonar tasu ce su biyu, Baffa ba shi da ko taki ɗaya. Idan aka tabbatar ya fita tun kafin rasuwar, lokacin da ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa, to rabi ne nata, sauran ya koma wa Baffa.

Muhsina ta ce, "Ashe gona ce."

Ibrahimu ya ce, "Wataƙila da gona, wataƙila kuma ya yarda da abin da ya gani. Ki bi a hankali, ubanki ne."

A zauren liman, Malam Suhaibu, aka zauna bayan la'asar. Dattawa sun jeru a tabarma, matasa sun cika ƙofa. Muhsina ta shigo da dogon hijabi bayan mijinta, ta durƙusa ta gaida kowa, ta gaida Baffa da sunan da ta saba, ta koma gefe.

Baffa Isiyaku ya yi magana a nutse. Ya ce shi ba ya son abin kowa, amma dukiyar ɗan'uwansa amana ce, ba zai zuba ido ta tafi inda shari'a ba ta kai ta ba. Ya miƙa wayar aka zagaya da hoton. Ya ce yaro ya bar ƙasarsa, ya ƙi zuwa gaisuwar ubansa, yanzu ga abin da ya rataya a ƙirji.

"Abu mai sauƙi ne," in ji shi. "A kira shi yanzu, a buɗe murya, ya yi kalmar shahada kowa ya ji. Idan ya yi, na janye."

Dattawa suka gyaɗa kai. Malam Suhaibu ya dubi Muhsina. "Kina da lambarsa ai."

"Ina da ita, Malam. Ba zan kira ba."

Ibrahimu ya sunkuyar da kai.

Ta ce, "A gafarce ni, ni ba malama ba ce. Amma yaron nan ni na koya masa alwala a bakin kanal ɗin can, ni na raka shi makarantar allo a wannan zauren. Gaisuwa kuma ni na hana shi zuwa, wanda zai yi fushi ya yi da ni. Yau don wani da ko sunansa bai faɗa ba ya zana jan layi a hoto, sai a tsayar da shi a gaban jama'a kamar wanda aka kama da akuyar sata, a ce maimaita mu ji? Akwai wanda aka taɓa yi wa haka a cikinku? Baffa ne ya ce ya fita. Ga Alƙur'ani can a bayan Malam. Ya ɗauka ya ce ya ji da kunnensa, ko ya gani da idonsa. Idan ya rantse, har rabin nawa ya haɗa."

Baffa ya ce, "Ni kike cewa in rantse, Muhsina?"

"Ɗanka kake cewa ya kafirta, Baffa."

Wani dattijo ya ce yarinyar nan ba ta da kunya. Wani ya ce a'a, a bar ta ta faɗi nata. Baffa Isiyaku ya dubi inda Alƙur'anin yake, ya kawar da kai, ya ce shi ba a rantsuwa ya zo ba.

Malam Suhaibu ya ajiye carbinsa ya gyara zama. Ya ce shi dai a ransa bai so ganin wannan tambari a ƙirjin ɗan Abdulrauf ba, kuma da yaron yana kusa da ya yi masa nasiha. Amma sa riga daban, fita daga addini daban, hoto kuma ba shaida ba ne. Wanda aka san shi da salla yana nan a kan haka sai an kawo abin da ya fi wannan. Gona ta 'ya'yan marigayi ce.

Da aka watse ya tsayar da ita a bakin zaure. "'Yata, da kin kira shi da maganar ta mutu a nan. Yanzu za ta bi gari."

"Malam, da ya faɗa, cewa za su yi tsoro ne ya sa shi. Gobe kuma su nemi wani abin."

Maganar ta bi gari kuwa. Matan da ke kawo mata shinkafa shanshera ta turara suka ragu. Mijin Ummi ya hana ta shiga gidan, sai ta katanga suke gaisawa. Da aka fara dashen tumatir, ranar da ruwa ya zama na gonar marigayin, aka tarar an toshe bakin hanyar da buhunan ƙasa ta wajen gonar Baffa. Muhsina ba ta kai ƙara ba. Ta saɓi fartanya da rana tsaka, ta tattare zaninta, ta shiga ta janye buhunan ɗaya bayan ɗaya, ma'aikatan Baffa suna tsaye suna kallo. Ta tsaya a wurin har ruwa ya kai ƙarshen kunya ta ƙarshe.

Ana saura kwanaki wasan da aka gayyaci Salim ta aika aka kira mata Mudassiru mai gidan kallo. Ta ce tana son a nuna wasan a gidanta.

Ya sosa ƙeya. "Yaya, tashoshinmu ba sa kawo irin wannan. Sai dai ta intanet, shi kuma sabis ɗin nan kin san halinsa. Kuma mutane za su yi magana."

"Suna yi ai. Kawo babbar talabijin ɗinka da janareto."

Ranar wasan ta kwashe shinkafa daga simintin shanya, ta share, ta shimfiɗa tabarmi, ta sa aka buɗe ƙofar gida a wangale. Ta zaci ita da 'ya'yanta da Ibrahimu ne kawai za su kalla. Kafin a yi la'asar an fara leƙe, ana idar da salla tsakar gidan ya cika. Mata a gaba, maza daga baya, samari a kan katanga. Har waɗanda suka daina gaishe ta sun zo. Ta ji abin da ya kawo su, don ba a ɓoye ake faɗa ba: an ce 'yan ƙwallon Turai idan za su shiga fili sukan taɓa goshi da ƙirji da kafaɗu, Musulmi kuma yakan ɗaga tafuka. Yau za a gani.

Aka fara babu Salim. An nuno shi sau ɗaya a benci, ya naɗe cikin ƙatuwar rigar sanyi, yara suka yi ihu. Aka tafi hutu, aka yi magariba, aka dawo, har yanzu yana zaune. Wani daga kan katanga ya ce ashe ɗumama musu kujera ya je yi. Muhsina ba ta juya ba.

Can wani mai tsaron baya ya faɗi ya riƙe cinya. Aka nuno Salim a bakin layi, ya tuɓe rigar sanyi, yana gyara safa. Tsakar gidan ya yi shiru, har ƙarar janareto ta yi yawa. Ya miƙe, ya matso kan layi.

Sai hoton ya tsaya cak. Wata 'yar da'ira ta fito a tsakiyar allon tana juyawa.

Mudassiru ya ɗaga wayarsa sama, ya hau turmi, ya sauko, ya koma bakin ƙofa. Jama'a suna ta tsaki. Da hoton ya dawo, Salim yana tsakiyar fili yana gudu.

Nan take gardama ta kaure. Wani ya ce ya ga hannunsa ya fara tafiya goshi. Wani ya ce ƙarya ne, tafuka ya fara ɗagawa. Wata tsohuwa ta ce ita hanci ta ga yana shirin sosawa.

Muhsina ba ta jin su. Ta matsa gaf da talabijin. Abokan karawar suna da wani dogon ɗan gaba, ƙato, wanda tun farko yake wahalar da kowa. Salim ko kafaɗarsa bai kai ba. Ya manne masa. Duk inda ya juya yana nan, ya yi tsalle yana nan, har mutumin ya fara ɗaga hannu yana kai ƙara wajen alƙalin wasa. Da ya samu ya kufce da ƙwallo ya nufi raga, Salim ya biyo shi ya share shi da ƙwallon gaba ɗaya. Alƙali ya ɗaga masa katin gargaɗi. Aka nuno fuskarsa kusa, yana musu da yaren mutanen, jijiyar wuyansa ta tashi.

Muhsina ta fashe da dariya har da hawaye. "Haka yake yi idan na kama shi da laifi," in ji ta, ba da kowa take ba.

An tashi babu wanda ya ci. Mutane suka watse suna ci gaba da gardamarsu, ita kuma ta naɗe tabarminta.

Bayan wannan an sake gayyatar Salim 'yan lokuta, sannan aka sami matasa aka daina. Ya ci gaba da riƙe ƙungiyarsa har gwiwa ta ce ta gaji, ya koma horar da yara a can Hangari, a garin da ya fara. A ƙauye kuwa maganar ba ta mutu ba, ta dai tsufa. Wasu matan suka dawo da shinkafarsu, wasu har yau Kura suke kaiwa.

Amma tun a hunturun da aka yi wasan, da aka ba su hutu, ya zo gida. Ya je kabarin mahaifinsa, ya daɗe. Ya je gaida Baffa Isiyaku, wanda ya amsa a taƙaice yana kallon gefe, ya kuma karɓi agogon da aka kawo masa. Ranar Juma'a ya shiga sahu, wasu suka ba shi hannu, wasu suka ce ganin ido ne.

Washegari da safe ya bi Muhsina gona. Tumatir ya nuna, masu tsinka suna ta cika kwanduna, motar da za ta kai kasuwar Kadawa tana jira a bakin hanya. Suka tsaya a kan gaɓar kanal.

Ya ce, "Yaya, Mudassiru ya ba ni labarin yadda hoto ya tsaya. Kowa na gamu da shi sai ya ja ni gefe ya tambaye ni me na yi kafin in shiga. Ke kaɗai ba ki tambaya ba."

"Ban tambaya ba."

"In faɗa miki?"

"A'a." Ta sunkuya ta ɗauki kwando ta dangwara masa a ƙirji. "Cire wannan farin takalmin, ka fara daga kunyar can. Ka bar ɗanyen, direba ba ya son jira."